Kamfani ya rufe, W-2 bai zo ba: ya zan yi da haraji?

Maman Ummi, Bronx:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka min. Bara wuri biyu na yi aiki. Daga Janairu zuwa Yuni ina kula da tsofaffi a gidajensu ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani, a Yuli na koma wani babba. Babban ya turo min W-2, wato takardar da ke nuna albashin shekara da harajin da aka cire, tun ƙarshen Janairu. Ƙaramin kuwa shiru kake ji. Lambarsu ba ta shiga, na je ofishin na tarar an mayar da shi shagon gyaran farce. Ga shi har mun shiga Maris.

Wata ƙawata da muke Islamiyya tare ta ce in cike da takardar da ke hannuna kawai, wai tunda su suka ƙi turowa, su hukumar harajin Amurka, wato IRS, za ta bi, ba ni ba. Maganar ta yi min daɗi, amma hankalina bai kwanta ba. Albashin wata shida ne fa, kuma duk sati biyu sai an cire min haraji. Baɗi nake son neman zama 'yar ƙasa, ba na son abin da zai kawo cikas.

Alhaji Ɗan Zango:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙawarki ta faɗi rabi ta bar rabi. Gaskiya ne doka ta ɗora wa kamfani ya ba ma'aikaci W-2 zuwa 31 ga Janairu, in ya saɓa akwai tara a kansa. Amma wannan tsakaninsa ne da hukuma. Bayyana abin da kika samu a shekara kuwa a wuyanki yake, ko takarda ta zo ko ba ta zo ba. Takardar shaida ce kawai, kuɗin kuma aljihunki suka shiga.

Kada ki ɗauka don sun rufe ofis ba su kai rahoto ba. Kwafin W-2 yana zuwa hukumar Social Security, ita kuma ta miƙa wa IRS. In suka haɗa suka ga akwai albashin da ba ki sa ba, wasiƙar da ake kira CP2000 za ta iso ki, wani lokaci bayan shekara guda ko fiye, da lissafin abin da ake binki har da kuɗin ruwa.

Tunda Fabrairu ya wuce, ki kira IRS a 800-829-1040. Ki tanadi sunan kamfanin, adireshinsa da watannin da kika yi aiki. Za su rubuta musu wasiƙa, ke kuma su turo miki fom 4852, wanda ke maye gurbin W-2. Da takardar albashinki ta ƙarshe ake cike shi, domin a jikinta akwai jimillar abin da aka biya ki daga farkon shekara da abin da aka cire. Ki samu lambar harajin kamfanin, wato EIN, in da hali. In daga baya W-2 ɗin ya ɓullo kuma lissafin ya bambanta, sai ki gyara da fom 1040-X.

Ni abin da ya fi ba ni haushi da shawarar ƙawar taki shi ne, tana iya sa ki yi asara. Harajin da aka yi ta cire miki wata shida, in ba ki sa aikin ba, ta ina zai shiga lissafinki? Mai yiwuwa ma ke ce ke bin gwamnati.

Abdul_Harlem:

Anti, kafin ki zauna jiran waya, gwada abu biyu. Yawancin ƙananan kamfanoni ba su ke lissafin albashi da kansu ba, irin su ADP ko Paychex suke ba wa. Duba saman takardar albashinki. In akwai sunan ɗayansu, sau da yawa W-2 yana nan a shafinsu ko da kamfanin ya mutu. Na biyu, buɗe asusu a shafin IRS ki duba bayanan albashin da aka kai musu da sunanki. Sai dai na shekarar da ta wuce ba ya cika da wuri, kuma ba ya nuna harajin jihar New York da na birni.

In lokaci ya ƙure, fom 4868 zai ɗaga miki wa'adin cike haraji daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Oktoba. Cikewa kawai yake ɗagawa, biya ba ya ɗaguwa. Tarar rashin cikewa kashi 5 cikin 100 ce a wata na abin da ake binki, har ta kai 25, ta rashin biya kuma 0.5 a wata.

Mai Tasi:

Ni dai Alhaji ina ganin ana tsorata baiwar Allah. Mutane nawa ke karɓar kuɗi a hannu a garin nan, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa?

Alhaji Ɗan Zango:

Malam, nata ba kuɗin hannu ba ne, da lambarta ta Social Security aka biya ta. Na hannun ma doka ba ta yafe ba: mai sana'ar kansa in ribarsa ta kai dala 400 a shekara dole ya cike. Kuma ka ji ta ce za ta nemi zama 'yar ƙasa. Fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambayar ko ana binka haraji, jami'i kuma yana iya cewa a kawo bayanan harajin shekarun baya. Mai son ɗauko iyali daga gida ma sai ya nuna na shekarar ƙarshe. Rannan ne waɗanda ba a ƙwanƙwasa wa ƙofa ba suke yawon neman akanta.

Maman Ummi, Bronx:

Allah ya saka da alheri, Alhaji. Abdul, Allah ya yi maka albarka. Na zazzage jakar takardu, na samu ta albashin tsakiyar Yuni, amma ta sati biyun ƙarshe ba ta nan, kuma babu sunan kowane kamfanin lissafi a jiki. Kuɗin sati biyun dai ya shiga banki, ina ganinsa. Gobe zan kira IRS da safe kafin in fita. Ranar Asabar kuma zan je wurin masu cike haraji kyauta na VITA da ke unguwarmu. Shin takardar banki za ta isa a ƙiyasta sati biyun da suka rage, tunda abin da ya shiga bayan an cire haraji ne?