Wai batirin waya ya fi tarin kapasita haɗari? Yadda aka kwashe a zauren masu gyara

Auwalu Mai Inbata: Salamu alaikum jama'a. Wlh tun jiya raina a ɓace yake. Kun san na daɗe ina tsintar kapasita, abin nan mai tara wutar lantarki, daga matattun inbata da injin walda a wajen 'yan gwangwan, to na haɗa guda 10 masu 450V 1000uF, na naɗa wayar jan ƙarfe a shimfiɗe, na ɗora faifan hadis ɗin kwamfuta, wato hard disk, a kai. Na yi caji mita ta nuna bolt 400, ina sakin wutar faifan nan ya tashi ya daki kwanon rufi har ya lotsa shi, ga ƙara tau! Shikenan mai shagon da nake haya ya ce ko in fitar da kayan ko in tashi, wai zan kashe masa mutane. To ku yi lissafi da kanku, rabin C sau V sau V, ƙarfin da suka tara jul 800 ne kacal. Batirin wayar da ke aljihunsa mai 5000mAh ya haura jul 68,000, ya ninka nawa fiye da sau 80. Wanne ya fi haɗari dan Allah? A ƙasar nan in ka ƙirƙiro abu sai a mai da kai mahaukaci.

Sagir ABU: Wa alaikumus salam. Ka ƙirƙiro fa ka ce? Oga Auwalu wannan ai Elihu Thomson ya nuna shi tun 1887, zoben alminiyam mai tsalle, duk ɗakin gwajin fiziks na jami'a akwai irinsa. Ka ce ka kwaikwaya.

Auwalu Mai Inbata: Ni ban san wani Thomson ba, ban taɓa ganin nasa ba, a shagona na zauna na haɗa.

Sagir ABU: Rashin saninka ba ya mai da shi ƙirƙira.

Baba Mai Rediyo: Kai yaro ka bi a hankali. Shi Thomson ɗin naka a bola ya tsinto kondansa, kapasitar nan taku? Kamfani gare shi guda. Mutumin da ya tono kaya daga shara ya goge tsatsa ya gwada ɗaya bayan ɗaya da mita har abu ya tashi sama, in bai ƙirƙira ba me ya yi? Ku dai an ba ku a takarda kun haddace.

Sagir ABU: Baba ina girmama ka amma haɗawa daban ƙirƙira daban. Mai haɗa keke a kasuwa ba shi ya ƙirƙiro keke ba.

Nura Panteka: Gsky Sagir ya faɗa. Mu nan Kaduna a Panteka ana ƙera injin niƙa da na surfe daga ƙarfen da aka zubar amma ba ka jin wani yana ihun ƙirƙira, aiki kawai ake yi. Ku Kanawa komai sai an yi masa talla.

Kabiru Farm Centre: To fa, an zo wajen. Nura me ya kawo Kanawa ciki? Kayan gyaran da kuke amfani da su daga ina kuke sarowa in ba Sabon Gari ba?

Nura Panteka: Daga Alaba muke sarowa kamar yadda ku ma kuke yi, kar ka ruɗi mutane.

Malama Mai Fiziks: Dan Allah ku dakata, kun bar maganar da ta fi muhimmanci. Malam Auwalu lissafinka daidai ne, jul 800 ne kuma batirin waya ya fi haka nesa ba kusa ba, amma abin da ka ɗora a kan lissafin ne ba daidai ba. Batirin waya bolt 3.8 ne, ko ka riƙe bakinsa da hannu fatarka ba za ta bari wani abin kirki ya wuce ba, kuma yana sakin abin da ke cikinsa ne a hankali cikin awoyi. Naka bolt 400 ne, yana ratsa fata, kuma yana juye komai lokaci ɗaya. Tankin ruwa mai ɗiga ta famfo ya fi bokiti yawa amma bokitin da aka watsa maka a fuska shi ke kayar da kai. In jul 800 ɗin nan ya fita a kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kilowat 800 ke nan a wannan ƙiftawar, shi ya sa faifan ya tashi, ai alminiyam maganaɗisu ba ya kama shi, wutar da ta taso a cikin faifan ce ta yi nata maganaɗisun ya ture na wayar. Sannan na'urar da ake dannawa a ƙirjin wanda zuciyarsa ta rikice a asibiti jul 150 zuwa 200 take bayarwa, ƙarshenta 360. Kai kana da ninki biyu na ƙarshen da ɗoriya a kan tebur a buɗe, a shagon da yara ke shigowa karɓar cajin waya.

Auwalu Mai Inbata: Malama ba yaron da ke taɓa min kaya. Kuma kullum in na gama sai na sa sukudireba na sauke wutar.

Malama Mai Fiziks: Sukudireba a kan jul 800? Malam duba bakinta ka faɗa mana yadda yake.

Auwalu Mai Inbata: Ya ɗan narke ya yi baƙi, akwai ɗigon ƙarfe da ya manne a kan ƙafar kapasitan, amma ai aikin ke nan.

Malama Mai Fiziks: Wannan ɗigon da ya manne, wani irinsa ne zai faɗa maka ido. Da resista mai ɗaukar zafi, wadda ke zuƙe wutar a hankali, ake saukewa, a bar ta a manne dindindin, a auna da mita kafin a taɓa, sannan a ɗaure ƙafafun da waya in za a ajiye, domin irin waɗannan ko ka sauke su sukan sake tara wani abu da kansu bayan 'yan mintuna. Da tabarau kuma.

Baba Mai Rediyo: 'Yata tun zamanin talabijin mai ƙusumbi muke sauke kondansa da sukudireba ga mu nan da ranmu. Amma mu koma kan yaron nan Sagir, har yanzu bai janye ba.

Sagir ABU: Me zan janye Baba? Ƙirƙira ita ce abin da ba a taɓa yi ba. Kapasita kanta tun 1745 da 1746 aka samo ta, kwalbar Leyden, kuma Musschenbroek, masanin Holand da ya haɗa ta, da ta ja shi sau ɗaya cewa ya yi ko masarautar Faransa za a ba shi ba zai sake ba. Waɗannan su ne masu ƙirƙira.

Kabiru Farm Centre: Kullum sai sunan Bature. Kai me ka haɗa tunda ka gama? Rannan ba kai ka kawo min wayarka caji ya ƙi shiga ba, injiniya guda?

Sagir ABU: Ni wutar lantarki na karanta ba gyaran waya ba. Kuma tunda ka taɓo, ku da kuke rubuta Injiniya a allon shago wa ya ba ku? COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ta san da zamanku?

Kabiru Farm Centre: Kwastoma ne ya ba mu, shi da ya ga aiki.

Nura Panteka: A nan kam ina bayan Kabiru. Takarda ba ta riƙe soda.

Sagir ABU: Ɗazu kana bayana yanzu ka koma can, Allah ya kyauta.

Ɗan Agadas: Oga Auwalu a turo bidiyo mu gani mana, magana ba hoto wlh ban yarda faifai ya lotsa kwano ba.

Usman Sola: Ni dai abin da na sani haka manya suka fara. A Amurka akwai na'urar Z a ɗakin binciken Sandia jihar New Mexico, tarin kapasita ne kawai ake caji a sake lokaci ɗaya, amp wajen miliyan 26, kuma tsarin da Erwin Marx ya fito da shi a 1924 suke bi, a yi musu caji gefe da gefe, a juye su a ɗore ɗaya kan ɗaya. Da mai shago ya kori nasu tun farko da ba a kai nan ba. Auwalu ka ci gaba kawai.

Malama Mai Fiziks: Malam Usman su in za su saki wuta sai an fitar da kowa an kulle ƙofa. Ko Benjamin Franklin a 1750 da ya zo kashe talotalo da kwalaben Leyden shi wutar ta kama ta gigita shi, kuma ba ƙaramin masani ba ne.

Usman Sola: To ai bai mutu ba Malama.

Sagir ABU: Ka ga ko su sun ce tsarin Marx, ba su ce sun ƙirƙiro ba.

Baba Mai Rediyo: Kai dai ka ƙi Allah ka ƙi yaron nan Auwalu. Hassada ga mai rabo taki.

Sagir ABU: Subhanallah, hassada kuma Baba? A kan faifan hadis?

Admin Oga Tijjani: To jama'a ya isa haka, dare ya yi. Na bi maganar tun daga sama ga abin da na fahimta. Na ɗaya kowa ya yarda lissafin Auwalu daidai ne, har Malama da kanta ta tabbatar batirin waya ya fi nasa yawa, ke nan mai shago bai yi masa adalci ba. Na biyu mafi yawanmu sun tafi a kan cewa abin da ya yi ƙirƙira ne, mutum ɗaya ne ya ƙi kuma mun san dalili, wasu in ba su ga satifiket ba ba sa ganin mutum. Na uku maganar Kano da Kaduna a bar ta, duk mun san inda kasuwa take. Malama ta ba da shawarar a riƙa kula, mun gode mata. Auwalu Allah ya ƙara basira, ka turo bidiyo.

Malama Mai Fiziks: Oga Tijjani ban ce ba a yi masa adalci ba, ka cire rabin maganata. Cewa na yi mai shagon yana da gaskiya muddin abin nan yana buɗe ba resista ba murfi. Malam Auwalu ko ba ka ji komai ba yau, ka sa resistar nan kafin ka sake caji.

Nura Panteka: "Mun san inda kasuwa take" ɗin nan me kake nufi Oga? Admin ma ya ɗauki ɓangare.

Auwalu Mai Inbata: Malama resistar nawa zan sa, kuma mai wat nawa? Ki turo min ta gefe, nan ba a bari mutum ya ji magana.