Wai sabunta sabobi ta atomatik lalaci ne?

Baban Khadija: Assalamu alaikum. Ina so in amayar da abin da ke cikina, domin tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. A wurin aikinmu akwai sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, guda goma sha biyu, kuma shugaban sashenmu ya dage cewa a daina bin su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta umarni guda da zai sabunta manhajarsu da famwayarsu (manhajar da aka dasa a jikin na'ura, mai tayar da ita) gaba ɗaya cikin dare. Da ƙarfe biyu na dare aikin ya tashi, ana tsakiyar rubuta famwaya aka ɗauke wuta, janareta ya yi nawar kamawa, batirin ajiya kuwa ya tsufa, bai riƙe ko minti uku ba. Da safe na tarar da uku daga cikinsu fankokinsu suna ta ƙugi, fitilar gaba ta koma ruwan ɗorawa, allo kuma baƙi ƙirin. Ni aka ba takardar neman bahasi, wanda ya kawo shawarar kuwa ko kiransa ba a yi ba. Ni dai a ganina sabunta sabobi ta atomatik lalaci ne, kuma bai dace da inda wuta ba ta da tabbas ba.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, Baban Khadija, amma kalmar lalaci ta yi nauyi, kuma ina roƙonka ka janye ta. Mako uku na shafe ina rubuta umarnin da ke sabunta sabobinmu ina gwada shi, kuma wanda ya sha wannan wahala ba a kiransa malalaci. Idan aikin hannu kake yabo, ka tuna da kamfanin Knight Capital na Amurka, inda aka ɗora sabuwar manhaja a kan sabobi bakwai aka tsallake ta takwas, da kasuwar hannun jari ta buɗe ranar 1 ga Agustan 2012 kuwa, cikin minti 45 suka tafka asarar fiye da dala miliyan 400.

Malam Tsoho: Ƙanina Ɗan Zariya, ka yi haƙuri, amma ba ka fahimci kalmar ba. Mutum yana iya wahalar mako uku domin ya sayi barcin shekara, kuma wannan ma lalaci ne, sai dai mai wayo. Mu da muka fara wannan sana'a muna kwana a ɗakin sabobi da rigar sanyi, ba ma barin na'ura sai mun ga ta tashi da idonmu. Ranar 19 ga Yulin 2024 kowa ya ga ƙarshen wannan wayo, lokacin da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura fayil guda ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har kamfanin jiragen Delta ya soke tashi kusan 7,000.

Maman Ikram: Malam, da girmanka, misalin nan bai shafi lalaci ba. Akwai masu kula da na'urori da suka tsara nasu su tsaya a kan tsohon zubin manhajar don taka tsantsan, amma fayil ɗin ya ratsa su duka, saboda irin fayilolin nan ba sa bin wannan tsarin jinkiri. Kamfanin ya janye shi bayan minti 78, amma sai da mutane suka bi na'urori da hannu suna share fayil mai lamba 291. Tura abu ga kowa a lokaci guda ba tare da an gwada shi a kan kaɗan ba, sunansa ganganci a Hausa. Malalaci ba ya yin aikin, mai ganganci yana yinsa ido rufe.

Malam Tsoho: Hajiya, to ai ganganci ɗan lalaci ne. Me ya hana su gwadawa in ba ƙyuya ba?

Ɗan Zariya: Yanzu kuma Malam ya koma ƙyuya, alhali ƙyuya daban, lalaci daban. Idan dole sai an zaɓi kalma, sakaci ta fi dacewa, kuma sakaci ya fi yawa wajen masu jinkirta sabuntawa. Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ƙofar da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi tun 14 ga Maris na 2017, cutar ba ta ɓarke ba sai 12 ga Mayu, kuma asibitocin Ingila da ta rufe wa kwamfutoci sun samu kusan wata biyu ba a ɗora musu facin ba.

Bakatsine: Duk misalan da kuke kawowa, ban da na Knight Capital, a kan Windows suka faru, amma kowa ya kau da kai. Shekara shida ke nan sabobina na Debian, wani nau'in Linux, suna ɗaukar facin tsaro da kansu kullum, ban taɓa tashi cikin dare saboda su ba. Wanda ya zaɓi tsarin da zai jira Talata ta biyu ta kowane wata kafin a ba shi faci, shi ya kamata a tambaya game da lalaci.

Injiniya Na Sabon Gari: Yallaɓai Bakatsine, na san ba za ka bari a tashi ba ka soki Windows ba. A watan Maris na 2024 an gano ƙofar sirri da aka dasa cikin xz, manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, kuma wanda ya gano ta, Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne. Sai ka fara yi musu godiya tukuna.

Bakatsine: Ya gano ta ne saboda manhajar a buɗe take kowa yana iya dubawa, kuma ba ta kai ga tsayayyen zubin Debian ba. Kai kuma kowa a nan ya san lasisin wa kake sayarwa.

Injiniya Na Sabon Gari: Sana'ata ba ta cikin muhawarar nan, kuma ban taɓa tambayarka wa ke biyanka ba.

Baban Khadija: Jama'a, har yanzu ba wanda ya tambaye ni halin da sabobin nan uku suke ciki, ko abin da zan rubuta a amsar takardar da aka ba ni zuwa Laraba. Maganata a kan famwaya ce da wutar lantarki. Manhaja idan ta lalace ana sake ɗora ta, amma famwaya idan ta yanke a tsakiya, na'urar ba ta ma san yadda za ta tashi ba.

Maman Ikram: Gaskiyarka, ɗan'uwa. Ka duba ko ƙaramar na'urar kula da ke cikin kowace saba tana amsawa ta layinta na daban, domin da yawa daga cikin na zamani suna ajiye tsohuwar famwaya da za a iya komawa kanta. A amsarka kuma ka rubuta cewa umarnin ya kama duka goma sha biyun a tare, kuma ba a gwada batirin ba kafin a fara. Ko a Ansible, manhajar da ke aika umarni ga sabobi da yawa, idan ba ka sa masa adadin da zai riƙa ɗauka rukuni rukuni ba, duka zai bi, alhali layi biyu sun isa su sa ya fara da guda ɗaya, ya tsaya cak idan ba ta dawo ba.

Malam Tsoho: Kin ga ni, Hajiya? Layi biyu kacal, amma ba a rubuta ba. Idan wannan ba lalaci ba ne, a gaya mini sunansa.

Ɗan Zariya: Tun da ni ne mai kula da zauren nan a wannan mako, bari in taƙaita kafin lokacin salla. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun amince cewa kalmar lalaci kuskure ce, kuma misalan Knight Capital da WannaCry sun tabbatar da cewa aikin hannu ya fi haɗari. Batun CrowdStrike an nuna cewa bai shafi maganarmu ba, zancen Windows da Linux kuma mun ɗage shi zuwa wani lokaci. Muna jiran Baban Khadija ya janye kalmarsa.

Baban Khadija: Ban janye ba. Guda ɗaya ta amsa ta layin da Maman Ikram ta faɗa, biyun kuwa har yanzu shiru.