Wai talaka ya fi mai kuɗi imani?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Makon jiya aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, aka ce sai an biya kuɗin aiki kafin a taɓa ta. Na je wurin wani ɗan'uwanmu da Allah ya yi wa buɗi, wanda ba ya fashin Umara duk azumi, na zauna a zaurensa tun daga la'asar har aka kira magariba, ya fito ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya shiga motarsa. Da na dawo, maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta kira ni, ta kwance bakin zanenta, ta ƙirgo naira dubu huɗu, duk tsofaffin 'yan ɗari bibbiyu da suka sha maiƙo, ta ce kuɗin wakenta na gobe ne, amma in tafi da su, Allah zai kawo wani. Washegari ba ta ɗora kasko ba. Shi ya sa nake cewa talaka ya fi mai kuɗi imani, kuma ya zo a hadisi cewa dirhami ɗaya ya tsere wa dubu ɗari, domin mai shi biyu kacal ya mallaka, ya ba da ɗaya.

Malamin Islamiyya: Allah ya ba Inna lafiya. Amma ɗan'uwa, ba ka ajiye kalmar talaka a muhallinta ba. A Hausa, talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, don haka attajirin Kantin Kwari ma talakan sarki ne. Baiwar Allahn nan faƙiriya ce, tunda tana da ɗan jari amma ba zai ciyar da ita shekara ba.

Tsohon ɗan jam'iyyar PRP: Malam, da girmanka, wannan fassarar fada ce. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, Malam Aminu Kano ya koya mana cewa talaka shi ne wanda ake tatsa, wanda dogari yake shanyawa a rana saboda kuɗin haraji. Da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ba attajirai ne suka yi guɗa ba, iyayenmu ne. Kada a ƙwace mana sunan da muka sha ɗauri a kansa.

Ɗalibi daga Zariya: Baba, ni gyarana ga Malam ne. Mai ɗan jari miskiniya ce, ba faƙiriya ba. A Suratul Kahfi, aya ta 79, an ce jirgin ruwan nan na wasu miskinai ne masu aiki a teku, wato miskini yana iya mallakar abin sana'a. Kuma a Suratut Tauba, aya ta 60, da faƙirai aka fara, alamar sun fi shiga matsi.

Malamin Islamiyya: Yaro, wannan ra'ayin Shafi'iyya ne, mu kuwa a ƙasar nan Malikiyya muka tarar da iyayenmu suna bi. A wurinmu miskini shi ne wanda bai mallaki komai ba, kuma Suratul Balad ta siffanta shi da wanda ya manne da turɓaya. Ka zauna gaban malamai tukuna kafin ka fara gyara wa manya.

Ɗalibi daga Zariya: Malam, hujja na kawo, ba shekaru ba, kuma ina da malaman da na durƙusa a gabansu.

Hajiya daga Maraɗi: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ɗana, ka yi da ɗan'uwanka a bayan idonsa, alhali ba ka san abin da yake fitarwa a ɓoye ba. Wanda dukiyarsa ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, ɗaya bisa arba'in yake cirewa duk shekara, kuma da yawa ba sa shela. Sayyidina Usman ma mai dukiya ne, shi ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi.

Tsohon ɗan PRP: Hajiya, ai dama mai kuɗi ba ya rasa mai kare shi.

Hajiya daga Maraɗi: Alhaji, da kuɗin ƙuli-ƙuli na aurar da 'ya'yana, don haka ka janye wannan magana.

Ɗan Kurna: Jama'a, har yanzu ba a yi wa mahaifiyata aikin ba.

Taƙaitawa daga almajirin Malam: Duk wanda ya bi maganar nan da adalci ya ga cewa Malam ne ya kawo ilimi, domin ya bambance talaka da faƙiri da miskini bisa mazhabar da muka gada. Baba siyasa ya shigo da ita inda ba a kira ta ba, ɗalibin Zariya kuma ya yi gaggawa, ya kamata ya nemi afuwa. Hajiya ta yi gaskiya a kan giba. Matsayar da aka cimma ita ce mai ƙosan nan faƙiriya ce, kuma ta cancanci zakka. Allah ya ba maras lafiya sauƙi.