Ɗaukar hoto da kyamara a jone da kwamfuta: shawarwarin masu sana'ar

Da masu ɗaukar hoto suka tattauna batun jona kyamara da kwamfuta yayin aiki, bakinsu ya zo ɗaya kan amfaninsa: kana latsawa, hoton na fitowa a babban allo. Idon da bai fito sarai ba, ko ƙurar da ta sauka kan kwalbar turare, nan take za ka gani tun mai kaya bai tashi ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta. Wayar USB 3 idan ta wuce mita 3 takan fara katsewa, sai dai a sami irin mai ƙara wa sigina ƙarfi. Sannan a ɗaure ta da tef a jikin ƙafar kyamara, domin in wani ya yi tuntuɓe da ita, ramin da ke jikin kyamarar ne zai lalace, gyaransa kuwa ba arha. A ganina babu shawarar da ta kai wannan muhimmanci.

Kan manhaja ba a ja ba. Masu kyamarar Canon suna da EOS Utility, masu Nikon NX Tether, masu Sony Imaging Edge, duk kyauta. Masu situdiyo sun fi yabon Capture One saboda saurinta, amma ta kuɗi ce.

An kuma ce a hana kwamfuta yin barci, a tanadi batir na biyu, a saita kyamara ta riƙa ajiye hoto a kati da kwamfuta lokaci guda in tana da wannan zaɓin. Wurin biki da cunkoso kuwa, a bar wayar USB ɗin a gida.