Garantin gida da gyaran AC a Texas: caca ce ko ba caca ba?

Sabon Mai Gida (Houston): Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Da na sayi gidan nan, wanda ya sayar min ya haɗa min da garantin gida na shekara ɗaya, wato yarjejeniyar da kamfani zai gyara na'urorin gida in sun lalace. Da ya ƙare na ci gaba da biya da kaina, dala 60 duk wata. Ga shi tsakiyar Agusta AC ɗin ya tsaya cak. Kamfanin ya karɓi dala 100 kuɗin zuwan mai gyara tun kafin ya zo. Ya zo ya ce kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin AC, ta ƙone, ya ɗauki hotuna ya tafi. Sai ga saƙo wai ba za su biya ba, don ba ni da takardar da ke nuna ana yi wa na'urar sabis. Yara a falo suke kwana gaban fanka. Wallahi abin nan caca ce kawai, kuma kullum su ke ci.

Malam (Dallas): Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo sauƙi. Amma ɗana, kalmar da ta fito bakinka ba ƙarama ba ce. In caca ce, to kai da kanka ka shaida duk wata kana zuba dala 60 a caca. Kafin ka nemi haƙƙinka wurin kamfani, nemi gafara tukuna.

Hajiya Dillaliyar Gidaje (Sugar Land): Haba Malam, kar ka biye wa mai fushi. Ba caca ba ce, ko inshora ma ba ita ba ce. Inshorar gida ta gobara ce da guguwa da sata, ba ruwanta da na'urar da ta tsufa ta mutu. Wannan kwantaragin gyara ne. A nan Texas hukumar ba da lasisi ta jiha, TDLR, ita ke kula da kamfanonin tun 2021, ba hukumar inshora ba.

Malam (Dallas): Ba cinya ba ƙafar baya, Hajiya. Ka ba da kuɗi sananne, ka zauna jiran abin da ba ka san zai zo ko ba zai zo ba. Garari ke nan, ko wace hukuma ce ta buga masa hatimi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, ta taimakekeniya ce ta halatta.

Ɗalibi (Austin): Allah gafarta Malam, ai ita wannan majalisar ce dai a zamanta na Manama a 1998 ta duba kwantaragin kula da na'urori, ta ce ijara ce, wato ɗaukar mutum aiki da lada, ta halatta in an san aikin kuma an san ladan.

Malam (Dallas): "In an san aikin." Madalla, ka yanke wa kanka hukunci. Shi wannan bawan Allah ya san aikin? Sai da kwamfuresa ta ƙone ya san abin da ya saya. Yaran yanzu, ku karanta layi ɗaya a waya ku zo kuna gyara wa manya zama.

Ɗalibi (Austin): Ban gyara ba Malam, tambaya ce. Tunda an zo nan, duk wanda ya sayi gida da bashin banki dole banki ya sa shi yin inshorar gida. Su kuma fa?

Malam (Dallas): Ni haya nake yi, kowa ya sani. Sauran su amsa da kansu.

Hajiya Dillaliyar Gidaje (Sugar Land): To fa. Yau kuma rabin zauren nan 'yan caca ne da maciya riba.

Ɗan Damagaram (Greensboro): Ni abin dariya ma yake ba ni. Zafin digiri 100 ɗin da kuke kuka da shi a ma'aunin Amurka, 38 ne fa a ma'aunin gida. Mu da muka yi azumi a Zinder cikin Afrilu, ba AC ba garanti, ba mu mutu ba.

Basakkwace (Houston): Daga Karolina ta Arewa kake wannan maganar. Zafin gida busasshe ne, ka yayyafa ruwa a tsakar gida ka shimfiɗa tabarma ka yi barcinka. Na Houston jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa a jiki, gidajen kuma na katako ne da aka gina don AC, ba soron da za ka hau. Tambayi waɗanda guguwar Beryl ta bari ba wuta a Yulin 2024, gidaje da shaguna fiye da miliyan 2. Kuma in zafi ake magana, Zinder ta tsaya a bayan Sakkwato.

Ɗan Damagaram (Greensboro): Ku da wutar ma ba ku gani? Me za ku kunna AC da shi?

Basakkwace (Houston): Wutar da ba mu gani ɗin ita muke ba ku ai. Da aka yanke muku ita a 2023 ba kun ji a jikinku ba?

Sabon Mai Gida (Houston): Jama'a don Allah. In ci gaba da biya ko in daina?

Injiniya Mai Gyaran AC (Katy): Yaya, ka yi haƙuri ina kan aiki ne. Mafi yawan kiran da nake samu da bazara kafasito ne, wato ɗan abin da ke tayar da injin AC, ya mutu, ko bututun zubar da ruwa ya toshe, ko an bar filta ta cika da ƙura. Kafasito ɗan abu ne mai araha, gyaransa duka bai fi kuɗin zuwan da ka biya da yawa ba. Wato a ƙananan gyara garantin bai tsinana maka komai ba. A manyan kuma, inda kake buƙatarsa, nan sharuɗɗan suke jiranka: lalacewar da ta riga kwantaragi, rashin sabis, iyakar abin da za su biya, da ƙayyade kuɗin gas. In na'urarka tsohuwa ce mai gas ɗin R-22, tun 1 ga Janairun 2020 aka hana ƙera shi da shigo da shi Amurka, sai ragowar da aka adana da wanda aka tace. R-410A da ya gaje shi ma, daga 2025 an daina ƙera sababbin na'urorin gida masu amfani da shi, an koma R-454B da R-32. Don haka in ɓangaren AC da ke wajen gida ya mutu, sau da yawa sai an canza har na cikin gida, kamfanin kuma ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniya. Ka duba lambar da ke jikin na'urar. Manyan masu ƙera AC suna ba da garantin kayan gyara na shekara 10 in an yi rajista cikin kwana 60 zuwa 90 da sakawa, in ba a yi ba yawanci shekara 5. Wataƙila kwamfuresarka tana ciki, in garantin ya biyo gidan da aka sayar, kuɗin aiki kawai za ka biya.

Hajiya Dillaliyar Gidaje (Sugar Land): Ai dole ka faɗi haka, duk wanda ya bar garanti kai zai kira. Ina da wadda na sayar wa gida, wata na uku na'urarta ta mutu, kamfani ya biya mafi yawan kuɗin sabuwa. Wanda ya kwashe duk ajiyarsa ya sayi gida mai tsohon AC, ina zai samo dubban daloli rana ɗaya?

Injiniya Mai Gyaran AC (Katy): Mutum ɗaya kika kawo, Hajiya. Ke kuma garantin nan da shi kike rufe bakin mai saye in ya ga tsohuwar na'ura, ciniki ya faɗa ki karɓi la'adarki.

Hajiya Dillaliyar Gidaje (Sugar Land): Ni kake faɗa wa haka? Wa ya riƙa tura maka mutane lokacin da ko motar aiki ba ka da ita?

Malam (Dallas): Kun gani ko? Abin da aka gina kan garari ƙarshensa husuma.

Ɗalibi (Austin): Amma Malam har yanzu ba a amsa maganar Manama ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Kusan kowa ya yarda garantin gida asarar kuɗi ne, Malam ma ya kawo hujja daga addini. Hajiya tana da nata ra'ayin, mun kuma san sana'arta. Maganar Zinder da Sakkwato a kai ta wani wuri. Shawara ita ce kowa ya riƙa ajiye dala 60 ɗinsa a gefe, in AC ya samu matsala ya kira ɗan'uwa amintacce, ga Injiniya nan muna da shi.

Hajiya Dillaliyar Gidaje (Sugar Land): "Kusan kowa" su wa ke nan, Alhaji? Ka manta ba ka faɗa musu Injiniya ƙanin matarka ne ba.

Shugaban Zaure: Na rufe tura saƙo sai da safe.