Waɗanda Katrina ta rutsa da su: ina gwamnati take a waɗancan kwanaki?

Tsohon ɗalibi, mazaunin unguwar Gentilly ta New Orleans a lokacin

Assalamu alaikum. Jiya ɗana ya zo da aikin makaranta a kan Katrina, ya rubuta cewa guguwa ce ta cinye birnin New Orleans na Amurka. Na ce masa ya goge. Ni ina cikin garin ranar Litinin, 29 ga Agustan 2005. Iska ta yi haukanta ta wuce, har na fito ina duba rufin gida ina cewa mun tsira. Sai ga ruwa yana tahowa kan titi a hankali, ba ruwan sama ba, katangar magudanar London Avenue ce ta fashe. Kafin dare ya kai wuyan ƙofa. Kwana biyu muka yi a saman rufi, ni da mai gidan da nake haya da matarsa. Waɗanda abin ya rutsa da su, don Allah kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, yaron nan ya ji daga bakin masu shi.

Direban tasi

Wa alaikumus salam. Ni na fita ranar Lahadi, bayan magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya bar birnin. Ku lura, ranar Lahadi, ana saura ƙasa da kwana guda. An mayar da hannu biyu na babbar hanyar I-10 duk na fita, amma tafiyar Houston da ba ta wuce awa shida sai da ta cinye mana dare. Mutum bakwai na cusa a motar. Abin da mutane ba sa ganewa idan suna cewa "me ya hana su gudu" shi ne ƙarshen wata ne, albashi bai shigo ba, kuma gidaje da yawa ba su da mota sam. Ka ce wa mutum ya fita, da me? Ya je ina? Ga motocin makaranta birjik an bar su a fake har ruwa ya shanye su, kowa ya ga hoton.

Maman 'yan biyu

Alhaji direba, Allah ya saka maka. Mu ba mu sami mai ɗaukarmu ba. Mijina yana aiki a wata jiha, ni da yara 'yan wata takwas. Wani mai kwale-kwale ya sauke mu a busasshiyar ƙasa, aka ce mu nufi Convention Center, babban zauren taro na birnin, motoci na zuwa. Babu mota, babu ruwa, babu wanda za ka ce shi ne shugaba a wurin. Madarar gwangwani ɗaya ta rage mini, ina aunawa da murfin kwalba. Da ƙyallen jarirai ya ƙare sai na yayyaga zanen gado. Wata tsohuwa a kusa da ni mai ciwon suga, allurarta ta lalace saboda zafi, 'yarta na yi mata fifita da kwali tana ce mata yanzu za su zo. Har yau idan na ji an ce "yanzu za su zo" gabana faɗuwa yake.

Mun bi wasu muka yi ƙoƙarin haye gadar kogin Mississippi da ƙafa. 'Yan sanda daga ƙetaren suka tare hanya da bindigogi, suka ce mu koma. Da goyo a baya da wani a kafaɗa na juya. Sai ranar Juma'a sojoji suka shigo da abinci, ranar Asabar aka sa mu a bas, ba wanda ya gaya mana inda za a kai mu.

Malamin injiniya, Baton Rouge

Hajiya, sannu. Ni ruwa bai taɓa ni ba, talabijin na zauna ina kallo, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ranar Alhamis shugaban hukumar agajin gaggawa ta FEMA, Michael Brown, ya fito yana cewa a ranar ne ya san akwai mutane a wurin da kike, alhali 'yan jarida na tsaye a can suna nuna wa duniya. Washegari Shugaba Bush ya yaba masa a gaban kyamara cewa yana aiki tuƙuru. Bai kai mako biyu ba ya ajiye muƙamin. Gwamnar jihar Louisiana Kathleen Blanco da fadar shugaban ƙasa kuwa suna ta ja-in-ja kan wa zai riƙe ragamar dakarun tsaron jiha.

Kuma kada a ce ba a sani ba. A 2004 hukumomin nan da kansu sun yi atisaye kan wata guguwa ta gwaji da suka sa wa suna Pam, suka hango birnin a nutse. Katangun tare ruwan ma ba su kai yadda aka ce ba. A 2006 rundunar injiniyoyin sojan Amurka da ta gina su ta amsa cewa akwai kuskure a tsarinsu. Kashi 80 cikin 100 na birnin ya shiga ruwa, mutum sama da 1,300 suka rasu a duk yankunan da guguwar ta shafa.

Tsohon ɗalibi

Malam, gaskiya ne, amma a yi adalci. Masu gadin teku ne suka ɗauke mu da jirgi mai saukar ungulu, kuma sama da mutum 30,000 suka ceto. Wanda ya sauko mana da igiya idonsa ja wur, da gani bai yi barci ba. Su ba su jira takarda ba. Masu jiran takarda su ne matsalar.

Anti mai aikin jinya, Houston

Ni na yi aikin sa kai a filin wasa na Astrodome da aka kwaso mutane. A nan an yi ƙoƙari, akwai gado, akwai wanka. Abin da ba zan manta ba shi ne bangon da aka lulluɓe da takardu, kowa na neman nasa. An raba uwa da ɗa a wajen shiga bas, wannan ya tafi Texas, wancan Arkansas, ba a rubuta sunan kowa ba. Tsofaffi su zo ba su san sunan maganinsu ba, sai dai su ce ƙwaya fara ƙarama.

Maman 'yan biyu

Anti, mu ma kwana tara mijina yana nemanmu. Bayan haka kuma aka shiga wahalar neman tallafi. Ka kira waya tun asuba, ka riƙe har batir ya mutu. Aka ce in kawo shaidar cewa gidan ni nake haya, na ce takardar na ƙarƙashin ruwa tare da gidan. Da muka samu tirelar da ake ba mutane su zauna, ɗaya daga cikin yaran ya kama tari, idonmu na yaji kullum. Na yi ƙorafi aka ce in riƙa buɗe taga. Sai a 2008 gwaji ya tabbatar da cewa iskar cikin irin waɗannan tireloli na ɗauke da sinadarin formaldehyde mai cutar da lafiya da yawa.

Direban tasi

Akwai wanda ya koma ya zauna a cikinku? Ni dai Houston ta riƙe ni. Ko wata guda ba mu yi ba guguwar Rita ta sake koro mu kan hanya, na ce to, wannan karon ina zan kai su.

Tsohon ɗalibi

Na koma sau ɗaya, ɗaukar abin da ya saura. A jikin ƙofa masu bincike sun fesa alamar X da fenti: a sama ranar da suka zo, a hagu sunan tawagarsu, a ƙasa adadin gawar da suka samu. Tamu sifiri ce, alhamdulillahi. Ta gidan da ke kallonmu 1 ce, kuma ranar da ke samanta kusan mako biyu ce bayan shigowar ruwan. Dattijon da ke ciki na gan shi yana ɗaga mana hannu ta tagar sama ranar Talata, na kuma gaya wa waɗanda suka ɗauke mu. Hoton ƙofar yana nan, shi zan ba yaron ya kai makaranta.