Gita tana ɓacewa idan ganga ta shigo: yaya kuke saita amfilifaya don sautin punk (kiɗan rok mai sauri da kaushi)?

Ɗan Farin Gada: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne muke atisaye a wani shago a Farin Gada, Jos. Idan ni kaɗai ne a ɗaki, gitata tana ba da kaushin da nake so, amma da zarar mai ganga ya fara, sai ta koma zuuu kamar ƙudan zuma, ba a jin komai. A amfilifayar, gen (maɓallin kaushi) yana 9, midil (sautin tsakiya) 2, bes (sautin ƙasa) 8. Wa ya taɓa shan wannan?

Mai Bes na Bukuru: Wa alaikumus salam ƙanena. Midil ɗin da ka danne, nan ne gidan gita. Sautin ƙasa nawa ne da babbar ganga, na sama kuma na fayafayan ƙarfen mai ganga. Haka mai gitarmu ya yi ta fama, har wata rana na sa hannu na mayar masa da gen 5, midil 7, bes 4. Ya ɓata rai, wai sautin ya yi tsirara. Muna haɗuwa gaba ɗaya sai ga kowane bugu yana fitowa sarai. Ka kuma tura makunnin gitar zuwa fikof ɗin (abin da ke ɗauko sautin wayoyi) da ke kusa da gada, wato inda wayoyin suke maƙale a jikin gitar, shi ne mai cizo.

Hauwa Rayfield: Gaskiya ne yaya, amma ni a hannun dama na samu nawa. Johnny Ramone na ƙungiyar punk ta Ramones gitar Mosrite da amfilifayar Marshall yake amfani da su, kuma bugunsa duk ƙasa yake yi, ba ya dawowa sama. Da na koma bugun ƙasa zalla da fik (ɗan abin buga wayoyi) mai kauri, tsintsiyar hannuna ta yi tsami sosai a farko, amma sautin ya yi nauyi ba tare da na taɓa wani maɓalli ba. Fedal ɗina (na'urar takawa mai ƙara kaushi) Boss DS-1 ne, maɓallin ton ɗinsa ba ya wuce rabi, in ya wuce sai ya riƙa soke kunne.

Baba Sitidiyo: 'Ya'yana, kada ku manta da wuta. Idan muka koma janareta, gitar da ke da fikof mai naɗi ɗaya tana ɗauko gurnani, gen mai yawa kuma ninka shi yake yi. Ku duba wayar as (wayar ƙasa) ta soket, ku matsa nesa da amfilifayar. Sannan ku ɗora ta a kan kujera ta fuskanci kunnenku. A ƙasa gwiwoyinku take yi wa kiɗa, shi ya sa kuke ta ƙara tirebul, wato sautin sama.

Hauwa Rayfield: Da sanyin Jos kuma, Baba. Lokacin hunturu ina barin gitar ta ɗan zauna a ɗakin kafin in daidaita wayoyinta, in ba haka ba tana saɓa sauti a tsakiyar waƙa.

Ɗan Farin Gada: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar muke haɗuwa, zan fara da midil da kujerar Baba.